Kowace Gona da Iyakarta: Ikon Tarayya da Haƙƙin Jihohi

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, babu wanda ya rayu a ƙasar nan a farkon shekarar 2023 da zai manta da ƙuncin canjin kuɗi. Mutum da dukiyarsa a banki, amma ya wuni a layi ya koma gida hannu wofi. Mai awo a kasuwar ƙauye ya ƙi karɓar tsohon kuɗi, sabon kuwa babu shi. Manomi ya kai hatsinsa kasuwa ya karyar, don kawai ya riƙe takardar naira a hannunsa. Babban Bankin Nijeriya ne ya sanar a watan Oktoba na 2022 cewa zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya yanka wa'adin 31 ga Janairu, 2023, sa'annan ya ƙara shi zuwa 10 ga Fabrairu, alhali kuwa sababbin takardun ba su wadata ba.

Wa ya taka wa wannan al'amari birki? Jihohi uku ne, wato Kaduna da Kogi da Zamfara, suka kai ƙarar Gwamnatin Tarayya gaban Kotun Ƙoli, daga baya wasu jihohin suka bi sahu. Ranar 3 ga Maris, 2023, kotun ta yanke hukunci cewa ba a ba jama'a isasshen wa'adi ba, kuma ba a yi shawarar da ta wajaba da sauran ɓangarorin tarayya ba, don haka tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Mun sani gwamnonin nan ba su rasa tasu manufar ba, tunda zaɓe yana gabansu a lokacin. To amma ko mene ne ke cikin zukatansu, abin da ya fito fili darasi ne babba: sha'anin kuɗi yana cikin abubuwan da Tsarin Mulki ya keɓe wa Tarayya ita kaɗai, duk da haka kotu ta nuna cewa ikon nan ma yana da sharaɗi da ƙa'ida. Idan haka ne a cikin gonar Tarayya, to ina ga gonar da ba tata ba?

Abin da muke son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, iyakar da ke tsakanin Abuja da jihohi garkuwa ce ga talaka, kuma ba za ta kare mu ba sai mun yarda ta kare waninmu, ko da ba ma ƙaunar abin da yake yi a cikin gonarsa.

Abin da Tsarin Mulki ya tanada

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa gwamna wakilin Shugaban Ƙasa ne, kamar yadda hakimi yake wakilin sarki. Wannan kuskure ne. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 2, ya ayyana Nijeriya a matsayin tarayyar jihohi da Babban Birnin Tarayya. Jama'ar jiha ne suke zaɓen gwamnansu da majalisarsu, kuma daga Tsarin Mulki kai tsaye suke samun ikonsu, ba daga hannun Shugaban Ƙasa ba.

Sashe na 4 ya kasa ikon yin doka kashi uku. Kashi na farko shi ne jerin abubuwan da suka keɓanta ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa, waɗanda aka zo da su guda 68, kamar tsaron ƙasa, da hulɗa da ƙasashen waje, da kuɗi, da kwastan, da ma'adinai, da 'yan sanda. Kashi na biyu shi ne jerin abubuwan da Tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu, kamar ilimi mai zurfi da bunƙasa noma da masana'antu, kuma idan dokar jiha ta ci karo da ta Tarayya a nan, ta Tarayya ce ke rinjaye. Kashi na uku kuwa shi ne duk abin da ba a ambata ba, to wannan na jihohi ne. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ƙashin bayan mulkin tarayya. Ko a Amurka, inda aka ɗauko salon shugaba mai cikakken iko a 1979, gyara na goma da suka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya tabbatar da ita: abin da ba a miƙa wa gwamnatin tsakiya ba ya rage a hannun jihohi ko jama'a.

Saboda haka asali shi ne ikon jiha. Tarayya ce ake tambaya ta kawo nassin da ya ba ta dama kafin ta sa hannu a wani al'amari. Amma a aikace an juya lamarin, har ya zama jiha ce ke tsayawa a ƙofar Abuja tana neman izini a kan abin da yake haƙƙinta.

Yadda aka zo nan

Ba haka aka faro ba. Tun daga tsarin mulkin 1954 har zuwa juyin mulkin Janairun 1966, yankunan ƙasar nan suna da ƙarfi na gaske. Bayan samun mulkin kai kowane yanki yana da nasa tsarin mulkin, da Firimiyansa, da ma'aikatansa. Rabin kuɗin da ake samu daga haƙƙin haƙar ma'adinai yana komawa yankin da aka haƙo su. Jihar Arewa, da kuɗin gyaɗa da auduga da harajin jama'arta, ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a shekarar, ta kafa jaridar New Nigerian a 1966. Ita ta tsara dokar laifuffukanta ta Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ta kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Tsaron gari kuwa yana hannun 'yan dokan En'e, waɗanda suka san kowane lungu da mutanen cikinsa.

Wannan salo bai zama baƙo ga mutanen Arewa ba, domin ko a Daular Usmaniyya sarakunan da aka ba tuta su ne suke naɗa alƙalansu da hakimansu, su tattara harajinsu, su kula da tsaron ƙasarsu, Sakkwato kuwa tana tabbatar da naɗin sarki, tana sauraron ƙorafi, tana sulhunta rigima ta hannun Waziri.

Mulkin soja ne ya rushe wannan ma'auni. A watan Mayun 1966 Janar Ironsi ya fitar da dokar soja mai lamba 34, wadda ta soke tarayya ta mai da ƙasar dunƙulalliya. Arewa ta ƙi amincewa, jini ya zuba, Janar Gowon ya soke dokar. Abin mamaki shi ne, abin da aka ƙi karɓa a rana guda sai aka karɓe shi sannu a hankali. Soja bai san wani tsari ba sai na umurni daga sama zuwa ƙasa, gwamnan soja kuwa ƙaramin hafsa ne da aka turo. Aka narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan ƙasa. A 1975 Tarayya ta karɓe Jami'ar Ahmadu Bello da New Nigerian. Aka yi ta zabtare kason yankin da ake haƙo arziki, kuɗin mai ya taru a tsakiya. Aka yi ta tsaga jihohi: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Kowace tsagawa jama'a sun yi murna da ita, saboda ta kawo gwamnati kusa da su, amma kowace tsagawa ta haifi jihohin da suka fi na baya rauni, suka fi su dogara da asusun tarayya. Shi kansa Tsarin Mulkin 1999 da dokar soja mai lamba 24 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta ƙaddamar da shi.

A ƙarƙashin tsarin rabon da aka daɗe ana bi, Tarayya ita kaɗai tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari na asusun ƙasa, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. Wanda ke jiran a ɗebo masa a ƙarshen wata, da wane baki zai ce wa mai ɗebowa ya wuce gona da iri?

Inda iyakar ta yi amfani

Duk da wannan rauni, iyakar tana nan, kuma duk lokacin da wata jiha ta tsaya a kanta da hujja ta ga amfaninta. Misali na farko daga Legas yake. Lokacin da gwamnatin jihar, ƙarƙashin Bola Tinubu, ta ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi 37, Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar. A watan Disambar 2004 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Shugaban Ƙasa ba shi da ikon riƙe kason da Tsarin Mulki ya tanada, ko da yake ta ce sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Ƙasa ta yi nata aikin. Ba a kammala sakin kuɗin ba sai a 2007, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Misali na biyu ya shafe mu kai tsaye. A watan Oktoban 1999 Jihar Zamfara ta ƙaddamar da faɗaɗa aiki da Shari'a, jihohi goma sha ɗaya suka bi bayanta. Da wace hujja ta doka aka yi haka? Da hujjar cewa dokar laifuffuka ta gama-gari ba ta cikin jerin abubuwan da aka keɓe wa Tarayya, kuma sashe na 6 ya ba jiha damar kafa kotuna. Masu adawa sun kafa hujja da sashe na 10, wanda ya hana ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, amma Gwamnatin Tarayya ba ta kai jihohin nan gaban Kotun Ƙoli a kan haka ba. Ba muna magana a nan kan yadda gwamnoni suka riƙe wannan amana ba, wannan bahasi ne mai zaman kansa. Abin lura shi ne, ta ƙofar ikon jihohi aka shiga. Da dokar Ironsi ta ɗore, da ƙofar ba ta samu ba.

Misali na uku na kwanan nan ne. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar caca ta ƙasa ta 2005 ba ta da hurumi a jihohi, domin caca ba ta cikin abubuwan da aka ba Majalisar Ƙasa ikon yi wa doka, sai dai a Babban Birnin Tarayya. Jihar Legas ce ta jagoranci ƙarar, kuma burinta shi ne ta riƙa ba da lasisi tana karɓar haraji. To amma hukuncin da ya ba Legas damar cin kuɗin caca shi ne ya ba Kano da Sakkwato da Borno damar rufe shagunanta, ba tare da wani ya ɗaga musu takardar lasisin Abuja ba. Ku duba, ya 'yan'uwa, yadda iyaka guda take yi wa maƙwabta biyu masu mabambantan manufofi aiki.

Inda muka yi sake

A nan ne ya wajaba mu faɗa wa kanmu gaskiya. A watan Fabrairun 2006 Gwamnatin Tarayya ta haramta Hukumar Hisba ta Jihar Kano, wadda majalisar jihar ta kafa da doka a 2003, har aka kama shugabanninta, bisa hujjar cewa sashe na 214 bai yarda da wata rundunar 'yan sanda ba sai ta ƙasa. Muka yi kuka, muka ce an taka haƙƙin jiha, mutanen Kudu da yawa kuwa suka yi tafi. A watan Janairun 2020 gwamnonin jihohin Yarbawa shida suka ƙaddamar da rundunar Amotekun, Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce ta saɓa wa doka, da irin waccan hujja. Wannan karon su suka yi kuka, da yawa daga cikinmu suka yi tafi. Kowane ɓangare yana tuna Tsarin Mulki ranar da aka taka shi, ya manta da shi ranar da aka taka ɗan'uwansa. Wanda ke cin ribar wannan hali shi ne mai riƙe da tsakiya, ko daga wane yanki ya fito. Mulki kuwa juyawa yake yi, kuma sandar da ka miƙa wa naka yau, gobe a hannun wani za ka gan ta.

Haka abin yake a kan dokar ta-ɓaci. Sashe na 305 ya ba Shugaban Ƙasa ikon ayyana ta idan tsaro ya taɓarɓare, da sharaɗin amincewar Majalisar Ƙasa. Lafazin sashen bai ambaci dakatar da gwamna ko majalisar jiha ba, tsige gwamna kuwa sashe na 188 ya danƙa shi ga majalisar jiharsa. Duk da haka an dakatar da gwamnan Filato a 2004, an naɗa kantoma a Ekiti a 2006, an dakatar da gwamnan Ribas da mataimakiyarsa da majalisar jihar na wata shida a watan Maris na 2025. Amma a 2013, lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, Shugaba Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, bai taɓa kujerar gwamna ko ɗaya ba. Ashe ana iya yi ba tare da an rushe zaɓin jama'a ba. Ikon da fassararsa ke sauyawa gwargwadon wanda ke kan kujera, lalle yana buƙatar a ɗaure shi da lafazi bayyananne.

Hujjar masu tsoron gwamnoni

Wani zai ce: kuna neman a ƙara wa gwamnoni iko, shin kun manta da halinsu? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Dattawanmu suna tuna yadda aka yi amfani da 'yan doka da kotunan En'e wajen ɗaure 'yan jam'iyyar NEPU a jamhuriya ta farko. A zamaninmu kuma mun ga yadda gwamnoni suka mai da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi kamar aljihunsu, suka rushe zaɓaɓɓun shugabanni suka naɗa kantomomi, duk da cewa sashe na 7 ya wajabta zaɓe. Idan ma an yi zaɓen, jam'iyyar gwamna ce ke lashe kusan kowace kujera. Wannan ne ya ba Gwamnatin Tarayya damar kai jihohi 36 ƙara, har Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantomomi haramtacce ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwamnan da ya ci iyakar na ƙasa da shi ya zubar da hujjarsa a gaban na sama da shi.

To amma maganin zaluncin gwamna shi ne a ɗaure shi da majalisa mai 'yanci, da kotu mai 'yanci, da jama'a masu ido. Kwashe ikonsa a tara wa mutum guda a Abuja ba ya rage zalunci, nisanta shi yake yi daga inda hannun talaka zai kai. Kuskuren gwamna jiha guda yake ci. Kuskuren tsakiya kuwa, kamar yadda canjin kuɗi ya nuna mana, daga Badagiri har Baga yake kaiwa a rana guda. Daɗin daɗawa, tara iko a tsakiya yana ba kowa mafakar uzuri. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, alhali sashe na 215 ya ba kwamishinan 'yan sanda damar ya nemi a mai da umurnin gwamna ga Shugaban Ƙasa ko minista kafin ya zartar. Idan 'yan bindiga suka tashi gari a Zamfara ko Katsina, gwamna ya ce ba shi da runduna, Abuja ta ce gwamna ne bai yi nasa ba, talaka kuwa ya binne gawarsa bai san wanda zai tuhuma ba. Amanar da ba a san mai riƙe da ita ba, ba a iya tambayar kowa a kanta.

Abin da ya wajaba a kanmu

Na farko, mu san Tsarin Mulkin nan. Ko da muna da saɓani da wasu sassansa, da shi ake hukunta mu, kuma wanda bai san iyakar gonarsa ba, maƙwabci zai ci ta yana kallo. Ya kamata ɗalibanmu da malamanmu su iya bambance abin da yake wuyan gwamna da abin da yake wuyan Shugaban Ƙasa, don kada a riƙa aika su Abuja neman abin da ke hannun majalisar jiharsu, kamar makarantun firamare da asibitocin karkara da filaye da kasuwanni.

Na biyu, mu matsa wa 'yan majalisun jihohinmu, domin mabuɗin gyara yana hannunsu. Sashe na 9 ya shar'anta cewa babu gyaran da zai tabbata sai majalisun kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24 cikin 36, sun amince. Arewa tana da jihohi 19, ke nan babu gyaran da zai wuce ba da hannun wasunsu ba. Gyara kuwa yana yiwuwa: a watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan gyare-gyaren da suka buɗe wa jihohi ƙofar sha'anin wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali. Tambayar da ta rage ita ce, me jihohinmu suka yi da wannan dama?

Na uku, a kan 'yan sandan jihohi, ra'ayinmu shi ne tsaron gari ya fi dacewa da waɗanda suka san garin, amma da sharaɗin kada naɗi da kora da horo su zama a hannun gwamna shi kaɗai, kuma a haramta sa su cikin harkar zaɓe. Idan babu waɗannan sharuɗɗa, za a maimaita abin da aka yi wa 'yan adawa a jamhuriya ta farko.

Na huɗu, jihohinmu su nemi na kansu. 'Yancin da aka gina a kan kason wata-wata suna ne kawai. Iyayenmu da noma suka gina jami'a, ƙasar noman kuwa tana nan, jama'a ma sun ninka.

Na biyar, kuma shi ne mafi wuya, mu riƙe ma'auni guda. Idan Tarayya ta ƙetare iyaka a Ribas ko Legas ko Inugu, mu ce ta ƙetare, kamar yadda za mu faɗa idan ta ƙetare a Kano. Idan gwamnanmu ya danne ƙaramar hukuma, mu ce ya danne, ko da ɗan jam'iyyarmu ne, ko da a sahu guda muke salla. Adalci ba ya tambayar garin mutum ko ƙabilarsa, kuma wanda ya yi shiru ranar da aka ci iyakar maƙwabcinsa, kada ya yi tsammanin samun mai shaida ranar da aka zo kan tasa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon tsayawa inda aka iyakance musu, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan kanmu ce, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.